Makarantun Kuɗi da Bukatar Mashawarta: Wa Zai Koya wa Mai Makaranta Riƙon Makaranta?

Gabatarwa

Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan karin magana gaskiya ce, sai dai sanin wurin yoyo daban, iya yaɓe kuma daban. Sau da yawa mai ɗaki yakan shekara yana tara ƙwarya a inda ruwa ke ɗiga, ba don bai ga ɓarnar ba, sai don bai san yadda ake gyaran azara ba, kuma bai sami maginin da zai amince masa ba. Halin da yawancin masu makarantun kuɗi suke ciki ke nan a ƙasar nan. Sun san malamai na gudu, sun san kuɗi ba ya kai su ƙarshen zango, sun san yara na gama aji shida karatu bai zauna ba, amma hanyar gyara ta ɓace musu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa makarantu masu zaman kansu, musamman ƙananan da ke cikin unguwanni, suna da bukatar masu ba su shawara kan shugabanci da tafiyar da harkokinsu, kuma irin shawarar da ake sayar musu a kasuwa a yanzu ba ta kai ga biyan wannan bukata ba. Za a duba asalin waɗannan makarantu, da inda ciwonsu yake, da irin mashawarcin da ya dace da su, sannan da waɗanda nauyin samar da shi ya rataya a wuyansu.

Asalin Makarantun Kuɗi

Makarantar da ba ta hukuma ba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Makarantar allo da ta zaure tun fil azal mallakar malami ce, shi ne mai ita, shi ne shugabanta, shi ne kuma ma'ajinta. Da boko ya zo, a Arewa ya shigo ne ta hannun gwamnati da En'e, tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, alhali a Kudu mishan ne suka riƙe mafi yawan makarantu. Bayan yaƙin basasa, a 1970, Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan da na ɗaiɗaikun mutane, wasu jihohi kuma suka bi sahu. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yaran da suka fito suka zarce lissafin da aka yi, har ta kai ga kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara don a cike giɓin malamai.

Wannan yunƙuri bai ɗore ba. Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya, albashin malamai ya riƙa makara, yajin aiki ya yawaita. A ɗaya gefen kuma, a 1981 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar wa ɗan ƙasa 'yancin kafa makaranta, a ƙarar da Akbishop Okogie ya kai gwamnatin Jihar Legas lokacin da ta so ta soke makarantun firamare masu zaman kansu. Da ƙofa ta buɗe, makarantun hukuma kuma suka yi rauni, sai iyaye suka fara neman mafita da aljihunsu. Ƙidayar da aka yi a Legas a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu 12,098, waɗanda suka ɗauke fiye da rabin ɗaliban jihar, kuma mafi yawansu ba su da takardar amincewar gwamnati. A Kano da Kaduna da Zariya da Jos ma duk wanda ya ratsa lungu da safe zai ga yara sanye da yunifom kala-kala suna shiga gidajen da aka mayar makarantu, da yawansu kuma sun haɗa boko da Islamiyya.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka kafa makarantun nan mutane ne iri-iri. Akwai tsohon hedimasta da ya zuba kuɗin sallamarsa, akwai malamar da ta fara da yaran maƙwabta a tsakar gida, akwai ɗan kasuwar da ya ga riba, akwai kuma ƙungiyar addini. Wanda ya san aji bai san lissafin kuɗi ba, wanda ya san kuɗi bai san aji ba. Da wuya a sami wanda aka taɓa zaunar da shi aka koya masa yadda ake haɗa biyun.

Inda Ciwon Yake

Ciwo na farko na kuɗi ne. A ƙaddara ga wata makaranta mai yara 200, kowane yaro yana biyan naira 15,000 a zango. Idan kowa ya biya, za ta tara naira miliyan 9 a shekara. To amma ba a taɓa yin zangon da kowa ya biya ba; in ɗaya cikin biyar ya gaza, abin da ya rage miliyan 7 ne da dubu 200. Idan makarantar tana da malamai 12, aka ce za a biya kowannensu mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, albashi kaɗai zai cinye fiye da miliyan 10, ban da haya da alli da haraji da gyaran benci. Wannan ɗan lissafi ya isa ya bayyana dalilin da ya sa malamin makarantar kuɗi yake karɓar abin da bai kai ya kawo ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau yawancin ƙananan makarantu sun fita daga ƙarƙashinta.

Daɗin daɗawa, kuɗin makaranta sau uku yake shigowa a shekara, albashi kuwa sau goma sha biyu yake fita. Mai makarantar da bai san wannan ba yakan ga kuɗi sun taru a makon farko na zango ya ɗauka riba ce, ya sayi fili ko ya aurar da 'ya, wata na uku ya zo babu na biyan malamai. Sau da yawa aljihun makaranta da aljihun gida ɗaya ne, babu rasit, babu littafin shiga da fita. Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu daga Maris na 2020 har tsawon watanni, malaman makarantun kuɗi da yawa sun zauna babu ko kwabo, domin makarantunsu ba su da ajiyar ko wata guda. Cire tallafin man fetur a 2023 ya sake matse iyaye da masu makarantu a lokaci ɗaya.

Ciwo na biyu na malamai ne. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ɗora takardar N.C.E. a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma tun 1993 aka kafa hukumar yi wa malamai rajista. Duk da haka makarantu da yawa suna ɗaukar wanda ya gama sakandare yana jiran jami'a, ba tare da takardar ɗaukar aiki ba, ba tare da an zauna a ajinsa an ga yadda yake koyarwa ba. Da zarar ya sami abin da ya fi, sai ya kama gabansa a tsakiyar zango. Yaron da ya canza malamin lissafi sau uku a shekara ɗaya, asarar da ya yi ba ta bayyana a littafin kuɗi, amma ita ce babbar asara.

Ciwo na uku ya shafi rayukan yara. A farkon 2022 Kano ta girgiza da labarin wata yarinya 'yar shekara biyar da aka sace aka kashe, kotu kuma ta sami mai makarantar da take karatu da laifin, ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na wannan shekara. A kan haka ne gwamnatin jihar ta janye lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su. A ranar 12 ga Yuli, 2024, benen wata makarantar kuɗi ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Ba a cewa shawara za ta hana mugu mugunta. Amma tambayoyin da mashawarci na kirki zai fara yi su ne: wa ke karɓar yaro a ƙofa, wa aka yarda ya ɗauke shi, wa ya binciki halin ma'aikaci kafin a ɗauke shi, wane injiniya ya duba ginin kafin a ɗora masa bene? Makarantu da yawa ba a taɓa yi musu waɗannan tambayoyi ba.

Ciwo na huɗu shi ne na gado. Makarantar da aka gina a kan mutum ɗaya, ranar da ya kwanta dama ita ma takan bi shi. Magada sukan zo rabo, a ƙiyasta filin da ginin kamar sauran dukiya, a sayar, yara ɗari uku su watse a tsakiyar shekara. Akwai hanyoyin kauce wa wannan, ko ta yi wa makarantar rajista a matsayin kamfani ko ƙungiya mai amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ko ta mayar da ginin wakafi tun mai shi yana raye, yadda shari'a ta tanada. Kaɗan ne daga masu makarantu suka taɓa jin an yi musu bayanin waɗannan hanyoyi.

Masu Ba da Shawara na Yanzu

Mutum biyu ne suke shiga ofishin mai makaranta da sunan gyara. Na farko shi ne jami'in duba makarantu daga ma'aikatar ilmi ko hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu. Shi wannan hukunci yake ɗauke da shi, yana iya cin tara, yana iya rufewa. Saboda haka ranar zuwansa ranar ɓoye-ɓoye ce: a share fili, a cike rajista, a aro malami mai takarda. Babu mai buɗe cikinsa ga wanda ke riƙe da wuƙa. Aikin dubawa wajibi ne, amma ba zai taɓa zama shawara ba.

Na biyu shi ne mashawarcin kasuwa, wanda ya yawaita a 'yan shekarun nan. Daga cikinsu akwai ƙwararru masu amana, sai dai kuɗinsu sai manyan makarantun Abuja da Legas da unguwannin masu hali. Saura kuwa abin da suka fi sayarwa shi ne taron yini ɗaya a otal, da jawabi cikin Turanci, da takardar shaida mai ado da za a rataye a bango. Darasin yakan karkata ga yadda za a jawo iyaye: sabon suna, sabon fenti, bikin yaye ɗaliban nasare da riguna irin na jami'a. Wani kuma da shawara yake shigowa, amma littattafansa ko yunifom ɗinsa ko manhajar kwamfutarsa yake talla. Mafi muni shi ne wanda ƙwarewarsa ita ce sanin hanyar da ɗalibai za su ci jarrabawar WAEC da NECO ba tare da sun iya ba. Wanda ya biya kuɗi aka koya masa wannan, guba ya saya da sunan magani.

Siffofin Mashawarci na Kirki

Da farko, mashawarci na kirki a makarantar yake aikinsa. Zai zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya ɗauki littafin yaro ya ga ko ana dubawa, ya kira ɗan aji uku ya karanta masa layi biyu. Zai buɗe littafin kuɗi tare da mai makaranta su raba kuɗin zango gida huɗu, su yanka wa mai makarantar albashinsa kamar kowane ma'aikaci, su buɗe wa makaranta asusun banki nata na kanta. Na biyu, yana komowa. Gyaran hali ba ya samuwa a zama ɗaya. Ziyara biyu a kowane zango har shekara biyu ta fi taron otal goma amfani. Na uku, ba ya sayar da kome ban da shawararsa, kuma ba ya kai rahoto ofishin haraji. Na huɗu, yana magana da harshen da mai makaranta yake tunani da shi. Na biyar, ma'aunin nasararsa shi ne yawan yaran da suka iya karatu da lissafi da yawan malaman da suka shekara ba su tafi ba.

Akwai kuma wani aiki mai wuya da ke gabansa, watau raba mai makaranta da hedimasta. A makarantu da yawa hedimasta suna ne kawai. Ba ya iya tsawata wa malami ɗan'uwan mai gida, ba ya iya maimaita wa yaro aji in mahaifinsa mai biya ne a kan kari. Sai an rubuta wa kowa iyakarsa, an kafa ɗan kwamiti na mutum biyar ko bakwai da ya haɗa da wakilin iyaye, sannan makaranta take tashi daga shagon mutum ɗaya ta zama ma'aikata.

Wannan tsari ba sabo ba ne a Arewa. A shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1965, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare tare da UNICEF da UNESCO, inda masu horar da malamai suke zagayawa makaranta-makaranta suna taimaka wa malamai a cikin azuzuwansu. Daga 2008 zuwa 2017 shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa, ya yi amfani da jami'an tallafa wa makarantu a jihohi shida, cikinsu har da Kano da Kaduna da Jigawa, suna horar da hedimastoci suna kuma bin su da ziyara. Amma waɗannan shirye-shirye makarantun hukuma suka fi shafa, kuma da kuɗin baƙi suka janye sai aikin ya yi sanyi. Kwaɗon baƙo daɗi gare shi, amma ba a dogara da shi a ciyar da gida.

Nauyin Wa Ne?

Nauyi na farko yana kan masu makarantun da kansu. Ƙungiyarsu ta ƙasa, NAPPS, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, kuma an fi jin muryarta a kan yawan haraji. Wannan koke yana da tushe, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a wajen gyara ma. Makarantar lungu ɗaya ba za ta iya biyan ƙwararre ba. Makarantu ashirin na unguwa ɗaya in suka yi karo-karo za su iya ɗaukar tsohon hedimasta ɗaya da akanta ɗaya su riƙa zagaya su. Ƙasar nan cike take da malaman da suka yi ritaya da ƙarfinsu, suna zaune a ƙofar gida da ilmin shekara talatin da biyar ba mai tambayarsu.

Nauyi na biyu yana kan jami'o'i da kwalejojin ilmi. Kusan kowace tsangayar ilmi tana da masu nazarin tsara ilmi da gudanar da shi, ana rubuta kundaye a kan shugabancin makaranta suna shan ƙura a kan kanta, alhali makarantar da ke bayan katangar jami'ar ba ta da littafin kuɗi. Zai kyautu a buɗe gajeren kwas na hutun dogon zango domin masu makarantu da hedimastocinsu, a farashi mai sauƙi, a kuma riƙa tura ɗaliban babban digiri su yi wa makaranta guda hidimar zango ɗaya ƙarƙashin kulawar malamansu. Cibiyar horar da masu tsara ilmi da gudanar da shi da aka kafa a Ondo a 1992 ita ma tana da rawar takawa wajen tsara abin da za a koyar.

Sashen Hausa ma ba ɗan kallo ba ne. Mai makarantar Islamiyya a Fagge ko Tudun Wada zai fi amfana da ɗan littafi mai shafi sittin da aka rubuta da Hausa tsantsa, wanda ya bayyana kasafin kuɗi da takardar ɗaukar ma'aikaci da tsarin kare yara da hanyar yin wakafi, fiye da kundin Turanci mai shafi ɗari biyar. Ƙirƙiro kalmomin wannan fanni da daidaita su da rubuta irin wannan littafi aiki ne na masana harshe tare da masana ilmi, kuma zai fi wasu batutuwan kundin digiri da ake ta maimaitawa amfani ga jama'a.

Nauyi na uku na gwamnati ne. Ita ce za ta raba ofishin dubawa da ofishin taimako, ta sa shaidar horo a kan gudanarwa cikin sharuɗɗan sabunta lasisi, ta kuma ware wani kaso na kuɗin rajistar da take karɓa daga makarantun don wannan aiki. Ya kamata kuma a san su wa ke kiran kansu mashawarta, a yi musu rajista, yadda mai makaranta zai san wanda zai kai ƙara in an cuce shi.

Abin da Masu Suka Za Su Ce

Wani zai ce makarantar kuɗi kasuwanci ce, don me jami'a da gwamnati za su ɓata lokaci a kan ribar wani, ga makarantun hukuma sun lalace? Amsa ita ce, yaran da ke cikin makarantun kuɗi na lungu 'ya'yan masu facin taya ne da teloli da masu ƙosai, waɗanda suka rage cefane don su biya. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin ilmin tushe, ba ta ware wanda ke makarantar kuɗi ba. Gyaran makarantun hukuma shi ne babban aiki, amma ɗan aji biyu na yau ba zai tsaya da girma ya jira a gama gyaran ba.

Wani kuma zai ce shawara ba ta ƙara kuɗi, kuma lissafin da aka kawo a sama ya nuna talauci ne tushen matsalar. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Shawara ba za ta mai da naira 15,000 ta zama 50,000 ba. Amma za ta toshe ɓarakar da kuɗi ke zurarewa, ta sa a biya malami ɗan abin da aka yi masa alkawari a kan lokaci, wanda shi kansa yakan tsayar da malami. Wani lokaci ma shawara mafi amfani ita ce a gaya wa mutum gaskiya: ya tsaya a firamare ya bar sakandaren da ba shi da ɗakin gwaji dominta, ko ya haɗe da maƙwabcinsa su zama makaranta ɗaya mai ƙarfi.

Kammalawa

An ga cewa makarantun kuɗi sun tsiro ne daga giɓin da makarantun hukuma suka bari, kuma mafi yawan masu su sun shiga aikin ba tare da horo a kan shugabanci ba. An ga ciwonsu a wajen kuɗi da malamai da tsaron yara da gado, an kuma ga cewa mai dubawa da mai tallar taro ba su magance shi ba. Abin da ya rage shi ne a fara, ko da da unguwa ɗaya ce: reshen ƙungiyar masu makarantu ɗaya, tsangayar ilmi ɗaya, makarantu ashirin, shekara biyu, sannan a auna karatun yaran kafin da bayan aikin a bayyana wa jama'a sakamakon. In ya yi kyau a faɗaɗa, in bai yi ba a san inda aka kuskure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da ke zaune a kan bencin makarantun nan kuwa ɗanyu ne a yau. Allah Ya sa masu abin su ji, su kuma yi aiki da abin da suka ji.